Harsashin Gidan Baba Zurfi

Baba Zurfi ake ce masa, kuma leburori ne suka laƙaba masa sunan don haushi. Sai sun yi haƙa har gumi ya jiƙa musu wando, ya zo ya leƙa ramin, ya taɓe baki, ya ce a ƙara zurfi. Bai taɓa yarda da ƙasa don ganin ido ba. Zai damƙo ta ya matse a tafin hannu, ya juye bokitin ruwa a ramin, ya nemi inuwa ya zauna ya ga ko za ta shanye. Mai ginin na ta sintiri yana tsaki, shi ko a jikinsa.

In jar ƙasa ce mai tsakuwa, ya ja harsashi ya bi layin bango, shi ke nan. In bene za a ɗora, kowane ginshiƙi sai ya yi masa faffaɗar ƙafa da rodi. In kuwa baƙar laka ce, mai kumbura da damina ta dare da rani, to sai dai a shimfiɗa kankare gaba ɗaya kamar tabarma, gini ya zauna a kai. Wanda ya ce abin ya yi tsada, sai ya yi masa addu'ar Allah ya haɗa shi da wani maginin.

Kai, an yi zamani! Lokacin da yake da ƙarfinsa, shi kaɗai ke saɓa buhun siminti ya hau tsani yana waƙa. A shekarun nan ya gina nasa gidan, ɗakuna uku a bakin fadama, matarsa na ɗebo masa ruwa da goyo a baya. Harsashin gida marar bene ya zuba, daidai nauyin da zai ɗauka, don wa ke mafarkin bene a lokacin? Ita kuwa kullum tsiya take masa, wai ya ɗaga gidajen mutane sama ya bar ta tana gaisawa da kwaɗi. A gidan ta yi renon 'ya'yanta, a ciki kuma ta cika. Har gobe in la'asar ta yi, a bakin ƙofar ɗakinta yake ajiye kujera, kuma ba ya ɓoye cewa kewarta yake yi.

Sai tsufa ya zo da nasa. Gwiwa ta ƙi, ido ya dushe, ran nan ya zame a banɗaki sai maƙwabci ne ya ɗago shi. Babban ɗansa ya ce zaman kaɗaici ya ƙare. Ko dai a ɗora bene ya dawo da iyalinsa su zauna tare, ko a sayar da gidan a kai tsohon can wajensu, a ƙarshen gari. Ɗan ya zo da safe ya durƙusa gabansa.

"Baba, kai ka zuba harsashin nan. In ka ce zai ɗauka, gobe a kawo bulo."

Wallahi tsohon ya so ya ce eh. Babu mai rai da ya san abin da ke ƙarƙashin gidan sai shi, kuma ɗan ba zai kira kowa ya tona ba. Ya dogara sandarsa ya zaga bayan gida, ya daɗe yana shafa bango, sannan ya dawo ya zauna.

"Ba zai ɗauka ba."

"Baba, ka san ke nan sayarwa za a yi?"

"Na sani. To su wa za su kwana a saman? Ba 'ya'yanka ba?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. Tsohon ya goge ido da bakin riga, ya ce a samo masa kwali, shi zai kwashe kwanukan mahaifiyarsu da hannunsa kafin masu saye su fara zuwa.