Alwala a Saman Dutsen Tabuka

Duk wanda ya taɓa zama da ni a unguwar Suwaidi ta birnin Riyad ya san bakina ba shi da birki. Ni direba ne, na fi shekara goma ina kai kafilina, wato ubangidan da takardun zamana ke hannunsa, ofishinsa a unguwar Ulaya ina dawo da shi, kuma rabin aikin direba jira ne. Wanda ya daɗe yana jira, ko ya koyi lazimi ko ya koyi ba da labari. Ni labari na koya. In na ga kyanwa da safe, kafin la'asar ta zama damisa. In aka dace da shayi mai kauri, to har ta cinye mutum biyu a ƙofar masallaci. Jama'a sun san halina, su yi dariya, su zubar da tara su riƙe ɗaya. Mutum guda ne ba ya zubar da komai, ban kuma gane ba sai da aka makara.

Abokin zamana ne a ɗaki, tela, mutumin Damagaram. Ni kuwa Bakano, don haka tun ranar da aka haɗa mu wasa ya ɗaure: ni in ce masa bawana, shi ya ce kakansa ne ya sayi kakana da buhun gero, aka ma ba shi canji. A wani shago yake aiki inda ake ɗinka bishti, alkyabbar nan ta Larabawa, kuma shi ke bin bakinta da zaren zinare, da hannu, allura bayan allura. Keke ba ya yin wannan aiki. Yatsunsa uku na dama, babba da manuni da na tsakiya, su ke ciyar da gida guda a can ƙasarsu. Ko tukunya mai zafi ba ya saukewa, ni yake sa wa, wai aikin bayi ne.

Akwai wani hunturu, shekarun baya, da na kai kafilina da iyalansa arewa, wajen Tabuka, inda akwai duwatsu masu tsawo da dusar ƙanƙara ke sauka a kansu. Gaskiyar abin da ya faru ba ta da yawa. Su suka fita, ni na zauna a mota na kunna hita ina cin dabino. Sau ɗaya na fito, na taɓa farin abin da yatsa, na koma da gudu. Amma da muka dawo Riyad, sai dutsen ya fara girma a bakina, kowace shekara da ƙarin hawa. Na ce na hau har ƙoli da silifas. Na ce gemuna ya daskare har na karya gefensa kamar taliya, in na tofar da yawu sai ya faɗi yana ƙara kamar kwabo. Inda na fi jin daɗin labarin shi ne wajen azahar: na ce babu ruwa, na damƙi ƙanƙara na yi alwala, uku-uku ban rage ba, na ji jikina ya ɗau ɗumi kamar na sha kunun yaji. Sai in rufe da cewa ruwan alwala ba ya cutar da mumini. Kowa ya fashe da dariya. Shi dai tela sai ya girgiza kai ya ce Allah mai iko, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Bara waccan kafilina ya ce in kai wa ƙanensa wata mota Tabuka, in huta kwana uku in dawo a bas. Da na faɗa a ɗaki, tela ya ajiye cokali. Ya ce shekarunsa nawa a duƙe a ɗakin da ba taga, daga allura sai bango, yana so ya tsaya sau ɗaya a wurin da zai ga ƙarshen ƙasa, kuma ga gwani a gida, me zai jira? Ya nemi hutu a shago aka ba shi. A nan ya kamata in ce, kai, zo ka ji. Sai na buga ƙirji na ce ya kwantar da hankalinsa, dutsen nan ya san ni, har gaishe ni yake yi.

Shi ne ma ya matsa mu shiga wani kanti a Ulaya da ke sayar da kayan masu hawan dutse. Mai kantin mutumin kirki ne, ya tambayi inda za mu, ya fara jero mana kaya a kan tebur. Ya ce riga hawa uku ake sawa: ta ciki mai tsotse gumi ta bushe nan da nan, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Ya ce mu guji auduga, don in ta jiƙe da gumi sai ta koma ƙanƙara a jikin mutum. Ya nuna takalmi mai kauri da wasu haƙoran ƙarfe da ake ɗaura masa a ƙasa don santsi, da sanduna biyu, da safar hannu mai ruɓi biyu, ya ce ita kam a riƙe ta biyu, in ɗaya ta jiƙe a canza. Na ga tela yana jujjuya safar nan yana duba ɗinkinta, ya ce an yi aiki. Ni kuma na ji kamar ana tone mini asiri a gaban bawana. Na ce da Hausa, don kada mai kantin ya ji, wannan kayan masu jinin tumatir ne, mu da muka sha sanyin Kano a kan tabarma ina ruwanmu da haƙoran ƙarfe, kamar za mu yi noma? Na ja shi muka fita.

Muka yi shiri irin wanda muka gada. Singileti biyu, rigar shadda, suwaita, a kai kuma farwa, jibgegiyar rigar gashin nan da makiyayan Larabawa ke sawa su zauna a bakin wuta. Rawani a kunne. Safar hannu ta saƙa, irin wadda ake sayarwa a bakin titi. Na ɗauki ƙaramin risho na gas da kayan shayi, don a sanina maganin sanyi biyu ne, tufa da wuta.

Mun isa gindin dutsen da hantsi, a motar da ban kai ga miƙa wa mai ita ba. Ba zan yi ƙarya ba a wannan karon, wurin ya fi duk abin da na taɓa faɗa kyau. Duwatsu jajaye, kawunansu fari tas, sama shuɗi kamar an wanke ta. Tela ya tsaya yana dariya shi kaɗai, ya damƙi dusar ya ɗanɗana, ya ce ba gishiri ba sukari, abincin Kanawa ke nan.

Ba mu yi nisa ba gumi ya jiƙa mu sharkaf, don farwa ta zama ce, ba ta tafiya ba. Da muka ɓulla wata kwana sai iska ta tare mu, na ji rigata ta ciki ta manne a bayana kamar an liƙa mini farantin ƙarfe. Takalmanmu na kasuwa suka yi ta sulɓi, har muka koma rarrafe, hannu a cikin dusa. Safar saƙar nan ta sha ruwa ta ƙoshi. Zuciyata tana cewa mu koma, bakina yana cewa ai wancan karon a nan na tsaya na yi wa wani Bature kwatance.

Ban san ko ƙolin muka kai ba, mun dai kai wani fili da babu abin da ya fi mu tsawo kusa. Rana ta karkata. Tela ya ce azahar ta yi, ya ciro gorar ruwa daga jaka, ruwan ya fara yin ƙanƙara a wuyanta. Na san hukuncin, kowa ya sani: in ruwa zai cutar, taimama ta isa. Ga dutse nan a bushe a gefenmu. Na buɗe baki na ce ko mu yi taimama.

Ya dube ni yana murmushi. "Kai bawana, wanda ya yi alwala da ƙanƙara shi ke tsoron ruwa? Zo ka fara, babba."

Na ce ni ina da alwalata tun ta walaha.

Wannan ce ƙaryar da ba na iya ba wa kowa labarinta da dariya. Na tsaya hannuwana a hammata ina kallonsa ya cire safa, ya naɗe hannun riga, ya wanke komai uku-uku, har tsakanin yatsu, yadda yake yin kowane aiki nasa. Iska tana kaɗa farwarsa. Ya ce da zafi kamar an yanke shi da reza, na ce ai ɗumin yana tafe. Ya mayar da jiƙaƙƙen hannu cikin jiƙaƙƙiyar safa, muka yi salla.

Saukowa ta fi hawa wuya. Hazo ya rufe, muka ɓata hanya sau biyu, shi yana gaba yana dafa duwatsu. Da farko yana ta cewa yatsunsa na zugi. Daga baya ya yi shiru, da na tambaya ya ce alhamdu lillahi, ciwon ya tafi, ba ya jin komai. Na ce ka gani ko? Har na ji daɗi, wallahi, na ɗauka maganata ce ta tabbata.

A mota ya kasa cire safar, ni na zare masa. Yatsun sun yi fari-fari, sun sandare kamar kyandir. Sai na yi abin da iyayenmu ke yi wa yaron da sanyi ya kama: na murza su da ƙarfi tsakanin tafukana, na kunna risho na ce ya miƙa hannu ya ji ɗumi. Ya miƙa. Yana cewa bai ji ba tukuna, ina cewa matsa kusa. Hancina ne ya gaya mini naman ya fara ƙonewa, ba shi ba.

Likitan da ya duba shi a garin bai yi faɗa ba, na so ma da ya yi. Ya ce naman da ya daskare ba a murza shi, ba a kai shi wuta, ruwa mai ɗan ɗumi ake sa shi a hankali, sai ya tambaya wa ya ba da shawarar wutar. Tela ya ce ƙaddara ce.

Muka dawo Riyad. Makonni ina kai shi asibiti tsakanin kai kafili da ɗauko shi, ina wanke masa kaya, ina ba shi abinci a baki yana cewa ga bawa ya san aikinsa. Hagun ta warke. A dama, kan yatsu ukun nan ya yi baƙi, aka jira, aka sake jira, daga ƙarshe aka datse gaɓa ɗaya-ɗaya, na tsakiya gaɓa biyu. Bayan an cire bandeji na dawo wata rana da la'asar na same shi zaune a bakin katifa da allura da wani ƙyalle. Yana ɗauka tana zamewa. Ya gwada da hagu, layin ya fita kamar sawun kaza. Ya soke allurar a jikin filo. Mai shagonsu ya yi haƙuri iya gwargwado, ya ba shi guga da share-share, amma shi da kansa ya ce a buga masa bizar fita ta dindindin ya koma gida, ba zai iya zama yana kallon wasu suna bin zarensa ba.

Saura kwana biyu ya tafi, ina ɓalla masa maɓallan riga, na faɗa masa. Duka. Hita, dabino, yatsa ɗaya a dusa, da alwalar walahar da ba ni da ita. Na yi zaton zai zage ni, na ma shirya, na yi fatan ya ɗaga hagun ya mare ni.

Ya dubi tabarma. Sannan ya ce, "Ko sau ɗaya ba ka hau ba?"

Na ce ko sau ɗaya.

"To ai ni na hau," ya ce. "Na yafe maka, Alhaji. Ƙarasa mini maɓallin nan."

Shekara tara muna ɗaki ɗaya bai taɓa kirana Alhaji ba. Kwana biyun da suka rage haka ya riƙa yi mini, sannu Alhaji, na gode Alhaji, kamar baƙon da aka sauka a gidansa. Na jefa masa tsokana ɗaya a kan Damagarawa da jirgin sama, ya yi murmushin ladabi, na haɗiye sauran.

Ni na kai shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Na tura masa amalanken kaya har inda ake auna su, na cike masa abin da ake cikewa, na saka masa fasfo a aljihun hagu don ya fi sauƙin cirowa. A bakin ƙofar da ba a barin masu rakiya na miƙa masa hannu biyu. Ya dubi nasa, ya naɗe guntayen yatsun ciki, ya ba ni wuyan hannu. Na riƙe har sai da na bayansa a layi ya ce mu yi haƙuri mu ba da hanya.

Na fito na kasa tuna inda na ajiye mota, na yi ta zagaye tsakanin layuka da mukulli a hannu. Kafilina ya kira ya ce taronsa ya ƙare da wuri, ina nake. Na ce ga ni nan a hanya.