Fiton da Kakana Ya Yi Ranar Zaɓe

A gidanmu na Kende, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Inna Hajo, kakata ta wajen uba, tana gasa mana masara tana ba mu tatsuniya. Wata rana muka matsa mata sai ta gizo, ta ce, "Yau gizo shi huta. Wanga labari da idona na gane shi."

Zamanin Turawa ne, tana amarya, wakilin yankinmu a majalisa ya rasu, aka sa ranar zaɓen cike gurbi. Mutum biyu suka fito: ɗan wani attajiri, da wani malamin dabbobi da Fulanin ƙetaren kogi ke so, don ya tsaya musu sa'ad da ciwo ya faɗa wa shanunsu. Akwatin zaɓe kuwa a gaɓarmu yake, kuma mijinta Manu, kakana, shi ke fiton mutane da jirgi.

Ana gobe zaɓe mutanen attajirin suka yi sallama. "Manu, gobe jirginka na yoyo. Ka ji ko?"

Ya ce, "Na ji."

Ranar bai taɓa tuwonsa ba. Gari na wayewa ya nufi kogi. Inna ta ce, "Na tare shi bakin ƙofa, na ce, 'Malam, ba ka ji abin da anka ce ba?' Yac ce, 'Hajo, ni ma ɗan attajirin zan jefa ma. Amma jirgina ba ya yoyo.'"

Ya yini yana fito har tafin hannunsa ya saɓule. Duk da haka malamin dabbobi ya faɗi. Ba a jima ba aka raba kakana da mashigin kogin da yake fito, suka koma noman gonar aro, suka sha wuya damina biyu.

Yayata Asabe ta ce, "Inna, ke wa kinka zaɓa?"

Ta yi dariya. "Mu mata wa ya tambaye mu, ɗiyata?"

Na daɗe ina ganin wautar kakana. Ya rasa sana'arsa saboda mutanen da ba ɗan takararsa suke so ba, kuma bai canza komai ba. Sai a zaɓen da ya wuce na gane nauyin abin. Mun yi watanni ba ma ga maciji da maƙwabcina saboda siyasa. Ranar zaɓen da safe na tada babur na kama hanya, sai ga mahaifiyarsa ta dogara sanda, rumfar zaɓe kuwa da nisa. Na san sarai wanda za ta dangwala wa. Na taka birki.

"Hau, Iya. Riƙe ni da kyau."