Katin Marasa Lafiya a Cikin Kwantena

Da na gama karatun kwamfuta a Kano na dawo gida Rano, aiki mai nauyi na farko da na samu na wani ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa a Kibiya. Hajiyar da ke riƙe da shi, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta gaji da neman katin marasa lafiya a cikin kwalaye. Mace za ta taso tun daga Tarai da tsohon ciki, a daɗe ana tonon katinta, ƙarshe a buɗe mata sabo. Hajiya ta ce in yi mata manhajar da za ta riƙe sunan kowa da maganin da aka taɓa ba shi.

Na rubuta manhajar, sai batun ɗora ta a kwamfutar asibitin. A nan ne na yi niyyar amfani da abin da muke kira kwantena: a ƙunshe manhaja da duk tarkacen da take buƙata wuri ɗaya, yadda duk kwamfutar da aka kai ta za ta tashi ba sai an sake haɗa komai ba. A makaranta da ita muke gwaje-gwaje, amma ban taɓa ganin an ɗora mata aikin da jama'a za su dogara da shi kullum ba.

Akwai wani abokin mahaifina a unguwarmu da ya yi shekara da shekaru yana kula da manyan kwamfutocin wata ma'aikata a Kano kafin ya ajiye aiki. Malam muke ce masa. Na same shi a zaurensa bayan la'asar, na buɗe ƙaramar kwamfutata na nuna masa, ina ta zuba bayani. Ya saurara har na gama.

"Wannan kayan gwaji ne na ɗalibai," in ji shi. "Mu a zamaninmu, inji ɗaya aiki ɗaya, kuma ka san inda komai yake. Sunayen da ka shigar ɗin nan, ina suke zaune?"

"A ciki, Malam."

"To goge ta, ka tayar da sabuwa mu gani."

Na goge, na tayar. Manhajar ta taso tsaf cikin ɗan lokaci, har na fara murmushi. Da na duba, babu suna ko ɗaya. Duk sunayen gwajin da na shigar sun tafi tare da tsohuwar kwantenar. Na ji kunya ta rufe ni. Malam bai yi dariya ba, ya ce kawai in yi tunani da a ce sunayen matan Kibiya ne.

Sati guda ina zarya zaurensa. Bai san kwantena ba, amma ya san yadda bayanai ke salwanta. Ya sa na fitar da sunayen zuwa wani wuri daban a wajen kwantenar, ya sa na tsara yadda kullum da azahar za su kwafu cikin wani ƙaramin faifan ajiya da Hajiya za ta cire ta jefa a jakarta. Sau uku yana sa ni in goge komai in dawo da shi daga faifan a gabansa.

"Har yanzu da ni ne ba zan yi ba," ya ce a rana ta ƙarshe. "Amma je ka, Allah ya taimaka."

Aiki ya tafi lafiya har damina ta yi nisa. Wata safiya, ranar kasuwar Kibiya, Hajiya ta kira ni. An yi ruwa da tsawa da asuba, kwamfutar ta ƙi tashi, har ƙauri take yi. Ranar kasuwa kuwa asibitin cika yake yi, domin mutanen ƙauye kan haɗa cin kasuwa da ganin likita.

Na shiga motar haya a tasha, na rungume jakata tsakanin masu kwandunan tumatir. Da na isa, mata sun cika benci har waje. Hajiya ta riga ta fito da tsofaffin kwalayen.

"Ɗana, gaya mini gaskiya," ta ce, "sun tafi ke nan?"

"Faifan yana jakarki, Hajiya?"

Ta zazzage jakar a kan tebur, ga shi nan cikin makullai. Na kunna ƙaramar kwamfutata, na tayar da kwantenar, na jona faifan. Kafin a gama auna jinin mace ta biyu, sunayen sun bayyana. Na marasa lafiyar yammacin jiya ne kawai babu, su ma Hajiya na da su a takarda. Ta kira wata dattijuwa daga Saji, ta karanta mata maganin hawan jinin da aka ba ta wancan zuwan, matar ta ce ai kuwa shi ne. Da a tsohuwar hanya na haɗa manhajar, da na wuni ina ɗora abu ɗaya bayan ɗaya. Na bar musu aron kwamfutata na kwana biyu kafin su sayi wata, Hajiya kuma ta cika mini leda da albasa, ta ƙi jin a'a.

Da yamma na ba Malam labari. Na ce masa da ba don shi ba, da yau na rasa inda zan sa kaina. Ya ce saurin tashin ba nasa ba ne, na kwantenar ne, wannan kam ya yarda. Sannan ya tambaye ni ko ina da sarari ranar Asabar. Ya ce in zo da kwamfutar in fara koya masa kwantenar daga farko, sannu a hankali, domin idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu sosai yanzu.