Jan Zaren Badi'a

Shekara goma sha tara muna katanga ɗaya da Badi'a a Gwarzo, ban taɓa ganin ta zauna ta ci abinci har ta gama ba. A tsaye take ci, mayafi a kafaɗa, kunnenta na titi ko motar Kabo ta fara lodi. Ni ce Indo, wadda unguwa ke ce wa Iya. Maigidana ya daɗe da rasuwa, karatuna kuma bai wuce na allo da aji huɗu ba, amma abin da na gani da idona zan iya rubutawa.

Badi'a 'yar ƙauyen Masanawa ce. An kawo ta gidan Malam Jibirin lokacin yana malamin gona, da babur ɗinsa da albashinsa. Da aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu aka rage ma'aikata, sunansa ya fito a ciki. Sai ita ta nemi aiki a wani ƙaramin asibiti a Kabo, shara da wanke-wanke a ɗakin haihuwa. Tana fita bayan asuba, ba ta dawowa sai gab da magariba. Bayan 'ya'yansu mata biyu sun yi aure nesa, hawan jini ya kayar da Malam a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Likita ya ce mata gishiri ko ƙwaya, magi ko ɓari, idan tana son mijinta.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wani mai otal a hanyar Kano ya rufe, yana karyar da kayansa. A nan Badi'a ta sayi firiza, irin mai kama da akwati. A jikinta akwai hoton koriyar kwalbar giya tana gumi. Na ce mata ta kankare hoton. Ta ce, "Iya, ina na ga lokacin kankara? Sanyinta na saya." Ta ajiye ta a zaure na biyu inda wayar wuta take, ta sa mata kwaɗo.

Tun daga nan ranar Lahadi ta zama ranar miya. 'Yan'uwanta su aiko da tumatir da tattasai daga lambu, ni in daka, ita ta soya. Taushe, alayyahu, busasshiyar kuɓewa, jar miya, tukunya bayan tukunya, da daddawa da citta don su maye gurbin gishiri. In sun huce ta ƙulla a leda, kowace leda cin yini guda. Ta Malam tana ɗaure bakinta da jan zare. Da yamma ni nake tuƙa tuwo, ita tana dawowa ta ɗauko leda ɗaya ta ɗumama. Ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Ta san matan unguwarmu, miya in ta kwana ɗaya ma ana yi mata kallon ta jiya, balle a ji mace na ba mijinta marar lafiya ta mako guda. In an tambaye ta me ke cikin akwatin, sai ta ce abin da ke ciki ne a ciki.

Ana haka aka gano ƙari a cikinta. Likitocin Kano suka ce sai an yi aiki, za ta kwana goma sha biyu. Sau biyu ana sa mata rana tana fasawa. Na farko laifina ne. Ta bar mini girkin Malam na gwaji, ni kuwa hannuna shekara arba'in yana yin bisimilla ya watsa gishiri, bai tambaye ni ba. Washegari jininsa ya hau, daga tasha aka kirawo ta. Ba ta yi mini faɗa ba, amma daga ranar ba ta ƙara yarda da hannun kowa ba. Na biyu, babu wuta a makon, ba ta iya ajiye komai ba. A na ukun likita ya ce mata ƙarin yana girma, in ta sake fasawa kada ta zarge shi.

Wannan karon albashinta na watan duk a tukunya ya ƙare. Leda goma sha biyu masu jan zare suka shiga firiza suka daskare kamar dutse. Tafiya ranar Talata da sassafe. Ranar Asabar aka ɗauke wuta.

Bazara ce, irin wadda ko inuwa ba ta da daɗi. Badi'a ta jiƙa buhunan algarara ta lulluɓe firizar, ta ɗora bargon Malam a sama. Ta ce mini in dai ba a ɗaga murfin ba, sanyin zai kai kwana huɗu, kuma an ce kafin Laraba wuta za ta dawo. Ranar Lahadi Hajaratu ta bayan masallaci ta shigo neman ƙanƙara, jikarta na zazzaɓi. Badi'a ta ce babu, kuma ba za a buɗe ba. Ina kallo Hajaratu ta ɗaga gefen buhu da ɗan yatsa, ta ga kwalbar nan, ta saki. Ta fita ko sallama babu.

Litinin bayan azahar aka yi sallama a ƙofar gida. Mai unguwa Ja'afaru ne, da Zayyad ɗan Hajaratu, da wasu samari uku cikin masu sa kai suna sa ido a unguwa a lokacin. Malam na kwance a tabarma a zauren farko, nan yake shan iska. Mai unguwa ya durƙusa suka gaisa, ya jiki, ya zafi, ya iyali, ya ƙarfin jiki, har na fara zaton gaisuwar ce kawai ta kawo su. Sannan ya yi gyaran murya.

"Malam, magana ce ta zo mini. Ban yarda da ita ba, amma ta zo. A ba mu izini mu leƙa zauren ciki."

Malam ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Suka shigo. Badi'a na tsaye gaban firizar, hijabi har ƙasa, ta ba ta baya kamar mai tsare yaro.

Zayyad ya yaye buhu ɗaya. "Baba, ka gani da idonka. Ga hoton, ga kwaɗo, ga shi an rufe da buhu."

"Zayyadu," in ji Badi'a, "buhun shinkafar gidanku hoton giwa ne a jiki. Giwa kuke dafawa?"

Ɗaya daga cikin samarin ya yi dariya, Zayyad ya harare shi ya haɗiye ta.

"To mene ne a ciki, Badi'atu?" in ji mai unguwa.

A bayan katanga ina jin motsin mata, an taru. Can Badi'a ta ce, "Miya ce."

"Miya? Da kwaɗo?"

"Miyar Malam ce, ta kwana goma sha biyu. Gobe za ni asibiti. In kuka buɗe sanyin ya fita, ta lalace."

Wata a bayan katanga ta ce, "Kwana nawa? La'ilaha!" Wata ta ce ita tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin miyar da ta kwana uku ba ta yi tsami ba. A nan na gane mun shiga uku. Da Badi'a ta yi ƙarya ta ce nama ne, da an yarda. Gaskiyar ce ba ta yi kama da gaskiya ba.

Ni ba mai magana gaban maza ba ce, amma na ce, "Mai unguwa, ni na daka tattasan da hannuna. Ina shaida."

"Iya, muna ganin girmanki," in ji Zayyad, "amma ke kaɗai ce, kuma ke maƙwabciya ce. In miya ce, me ake tsoro? Minti ɗaya."

"Minti ɗayanka kwana huɗuna ne," in ji Badi'a. "Ku dawo in an kawo wuta, ni da kaina zan buɗe muku."

"Kafin nan an kwashe."

Mai unguwa ya share gumi da hular da ke hannunsa. Ya rage murya ya ce mata in ba a buɗe a gabansa ba, yaran nan gaba za su kai maganar, kuma wanda zai zo bayansa ba zai tsaya gaisuwa ba. Badi'a ta dubi ƙofar zauren da mijinta yake. Daga can muka ji muryarsa, da ƙyar, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi.

"Bu... buɗe."

Ta ciro makullin daga bakin zaninta ta jefar a ƙasa.

Da minti ɗaya ne da ta yi sauƙi. Zayyad ya ga ledoji a sama ya ce ai ƙasa ake ɓoyewa. Ya riƙa fitowa da su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a siminti mai zafi, yana juya kowace a hannu, bai san me yake riƙe da shi ba. Ya laluba kusurwa huɗu, har ya sa kai ciki. Ina ganin farin hayaƙin sanyi yana fita, yana raguwa, har ya daina. Babu komai a ƙasan sai ruwa kamar cikin moɗa.

Zayyad ya miƙe, hannun rigarsa a jiƙe. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo." Ba ta dube shi ba. Mai unguwa ya kora su waje yana faɗa, faɗan da bai mayar da sanyi ba.

Badi'a ta tsuguna ta danna leda ɗaya da babban yatsa. Yatsan ya nutse. Ta danna ta biyu, ta uku. Sannan ta ce, muryarta lafiya lau, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, "Iya, gobe ba inda za ni." Ta shiga ɗaki, na ji tana zazzage jakar da ta shirya tun Juma'a.

Na zauna ni da ledoji suna tsiyaya. Miyar ba za ta kai jibi ba, wannan na sani. Babu abin sayen wasu kayan miyan, kuma ko akwai babu wuta. Na yi ta istigifari ina kallon jan zaren nan. La'asar aka kira, na yi salla, a sujadar ƙarshe abin ya faɗo mini.

A unguwarmu babu macen da za a kai wa abinci ta mayar da kwanon wayam. Ko ƙuli-ƙuli ne sai ta jefa a ciki, in ba haka ba ba za ta iya haɗa ido da ke a gidan suna ba. Na shiga ɗakina na sauko da samirun jerena, waɗanda ban taɓa ba tun rasuwar maigidana. Na hura wuta na ɗumama miyar leda-leda, na zuba a kwano goma sha biyu, kowanne na ɗaure zarensa a murfi.

Gidan Hajaratu na fara. Tana ganina ta sunkuyar da kai tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Iya, wallahi ni ba cewa na yi..."

"Ban zo wannan ba. Ga miya, ku ci yau, gobe ba za ta ciwu ba. Ku ƙara gishiri, babu a ciki."

Ta karɓa, ta tashi za ta juye ta zuba mini wani abu. Na riƙe ta. "Ba yau ba. Gobe Talata da yamma, miya, cin mutum ɗaya. Ba gishiri, ba magi." Na kwance zaren na ɗaura mata a wuyan hannun dama.

"Wannan fa?"

"Hannunki ba zai tambaye ki ba. Ni nawa bai tambaye ni ba. In ya nufi gwangwanin gishiri, ki ga ja ki tsaya."

Haka na bi gida goma sha biyu, har da na mai unguwa, kowace na ba ta ranarta. Wasu suka ɗanɗana a gabana don su ji ko da gaske miya na iya kwana haka. Ɗaya ta ce ta fi tata ta yau, ta rantse kada in faɗa.

Na dawo ana shirin kiran magariba. Badi'a na zaune a bakin gado, karo na farko da na gan ta zaune ba abin yi a hannu. Na gaya mata. Ta girgiza kai.

"Hannu ɗaya ban yarda da shi ba, Iya, ki kawo mini goma sha biyu?"

"Hannuna ne ya cuce ki, ba harshena ba. Duk kwanon da ya shigo sai na ɗanɗana kafin ya kai bakin Malam. Wanda na ji gishiri, ni zan cinye shi."

Ta tashi ta yi alwala. Da na leƙo bayan sallar asuba, jakar na bakin ƙofa a ɗaure. Ta durƙusa gaban Malam ta daɗe, sannan ta miƙo mini makullin ɗaki ba tare da ta dube ni ba, ta fita da saurin nan nata.

Wuta ta dawo kafin motar Kano da ta hau ta kai Kabo.

Cikin kwano goma sha biyu, uku sun zo da gishiri, zare ko ba zare. Na cinye su. Duk ukun Hajaratu ce ta sake wata miyar cikin gaggawa, don ita ba ta cire zarenta ba har Badi'a ta dawo. An yi aikin lafiya, an ce da an ƙara wata biyu da labarin ya bambanta.

Ta dawo a rame, tana tafiya a hankali, abin da bai kai wata guda ba. Abu na farko da ta yi, ta sa aka sayo mata fenti ta shafe kwalbar da hannunta. Zayyad kuwa har yau in ya gaishe ta sallamar kaɗai take amsawa. Malam Jibirin ya ƙara shekara uku, bai sake cin gishiri ba. Samiruna goma sha ɗaya ne suka dawo ɗakina. Ɗayan yana wajen Badi'a, a ciki take ajiye zare.