Akuya Ba Ta Ɓare Gyaɗa

Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Cokali ne yake bugun gefen kwanon silba a hankali. Ina tsugune gaban murhu bayan sallar magariba ina kwashe sauran dambu, ban waiga ba na san Nafisa ce, 'yata ta biyu, mai shekara goma sha biyar. Yarinyar da ba ta wasa da cikinta, yau ga ta tana juya abinci kamar wadda aka ba magani.

Na ce, "Ke, in ba za ki ci ba rufe shi, kwanon bai yi miki laifi ba."

Sai hawaye. Da ƙyar na tattaro zancen. A makarantarsu ta 'yanmata nan Gaya, wata ta zuba ƙaiƙayin gero a cikin hijabin malamar lissafi da ta rataye a jikin kujera lokacin sallar azahar. Malama ta sa, jikinta ya yi rudu-rudu, sai gida aka kai ta a adaidaita. Shugabar makaranta ta rantse duk wadda ta aikata sai ta bar makarantar, kuma gobe za ta shigo ajin ta tambaye su ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ajin sun riga sun haɗa baki: Hajjo za a ce. Hajjo baƙuwa ce, 'yar Fulanin da suka zauna a bayan gari, ba ta da kowa a ajin, kuma da ƙyar aka shawo kan babanta ya sa ta boko. In aka kore ta, shi ke nan.

"Umma, sahu ɗaya muka yi salla da ita. Ƙafarta na jikin tawa."

"To wa ya zuba?"

Ta sunkuyar da kai. "Safiya."

Safiya 'yar wan mijina ce. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, tare aka yaye su, tare suke tafiya makaranta.

Nafisa mayyar littafi ce, irin labaran nan na matasa da ake aikata wani abu a ɓoye, a yi ta bin sawu har a gano mai laifi. Ban taɓa hana ta ba, ni ma in ta ajiye nakan ɗauka in karanta. Ta share ido ta ce, "A littafi duk wadda ta faɗi gaskiya tafa mata ake yi a ƙarshe. Ni wa zai tafa mini?"

A lokacin hankalina ya riga ya bar Gaya. Ya koma Toranke, tsakar gidan kakata, Iya Dela.

Iya Dela uwar babana ce, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. In kaka ta yi, sanyi ya fara sauka, bayan lisha sai ta hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta juye mana gyaɗa a tabarma. Tatsuniyarta ba kyauta ba ce: hannu na ɓara, kunne na ji. Ƙwaya a ƙwarya, ɓawo a wuta. Har yau in na ji ƙaurin ɓawon gyaɗa sai in ga fuskarta, rabi a haske rabi a duhu, goro a kunci, da tsohon bargon nan nata mai ƙamshin mai. Mu jikokinta ne da 'ya'yan maƙwabta, babbanmu Yaya Garba, wanda duk abin da ya faɗa shi ne namu.

Takan ce, "Ga wata nan tafe da ƙafarta."

Mu ce, "Ta shigo, mun share mata wuri."

Iya tana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin wata tsohuwa ba. Labaranta na "wa ya aikata" ne. In ta kai tsakiya sai ta tsaya, ta ce kowa ya taso shi kaɗai ya raɗa mata amsarsa a kunne. Ba ta karɓar amsar taro. In ka saci kallon fuskar wani kafin ka taso, ɓawo ne zai sauka a goshinka, kuma ba ta kuskure.

A daren da nake tunawa, labarin wani tsoho ne da ya cire gyaɗarsa ya tara a gona tana shan iska. Da safe ya tarar an ci tsibi guda. Ga sawun akuya ko'ina, ga kashinta, ga ɓawo an tara a gefe. Kusa da gonar akwai wata tsohuwa da ba ta da komai a duniya sai akuya ɗaya, ga ta da ciki. 'Yanmatan garin da suka je roro jiya, wato tsintar gyaɗar da ta saura a gonakin da aka gama cirewa, duk suka ce da idonsu suka ga akuyar. Maigari ya yanke hukunci: gobe a miƙa wa mai gona akuya a madadin ɓarnarsa.

Iya ta tofar da goro. "To. Wa ya ci gyaɗa?"

Yaya Garba ya ce da ƙarfi, "Haba Iya, ai wannan ba tambaya ba ce. Akuya ce mana, ga sawu ga shaidu!"

Tas! a goshi. "Maigida, wa ya tambayi bakinka? Kunnena na ce. Da wannan karambanin za ka riƙe ni?"

Aka yi dariya, amma magana ta riga ta fita. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka raɗa, kowa ya dawo yana murmushin wanda ya ci. Ni ce ƙarama a cikin mata. Na zauna ina kallon babban yatsana da ya yi ja saboda ɓara, yana min zugi. Da layi ya zo kaina na dafa kafaɗarta na ce a hankali, "Iya, akuya tana da babban yatsa?"

Ko gezau ba ta yi ba. "Koma ki zauna."

Sannan ta ce duka mun ce akuya, ban da mutum ɗaya. Ba ta faɗi suna ba, amma Yaya Garba ya gano ni daga yadda nake ɓoye fuska. "Lauyar akuya!" in ji shi. Sunan nan ya bi ni har na shiga sakandare a Ajingi.

Iya ta ci gaba. Ashe 'yanmatan nan sun wuni roro ba su sami abin kirki ba. Da suka biyo ta gonar tsoho, sarauniyarsu ta ce su zauna su ci. Wata mai suna Talatu ta noƙe. Sarauniya ta ce, "Wadda ba ta ci ba ita ce za ta tona mu. Ki ci, ko ki nemi wasu ƙawayen." Talatu ta ɓare ta ci. Da suka ƙoshi suka jawo akuyar tsohuwa da igiya, suka zagaya da ita gonar don ta bar sawu. Dabararsu ta cika, sai dai sun manta akuya da ɓawo take haɗiye gyaɗa, ba ta zama ta ɓare ta tara a gefe.

Washegari aka taru a ƙofar maigari. Tsohuwa ta riƙo igiya tana tafe tana yi wa akuyar magana kamar 'yarta. Ana shirin karɓa sai Talatu ta fito daga cikin 'yanmata, ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, mu ne. Har da ni."

Muka ajiye ɓara, muna jiran daɗin.

Iya ta ce iyaye suka biya tsoho gyaɗarsa. Talatu ta sha bulala a gida kamar kowa. 'Yanmata kuwa suka ɗaure mata fuska. In ta shigo dandali sai tafi ya tsaya. A gaɗa, in ta saki jiki ta faɗo baya, ba mai tare ta. Sau ɗaya ta sha ƙasa, daga ranar ba ta sake faɗowa ba.

"Sai kuma me, Iya?"

"Sai ta girma."

"Ɗan sarki bai zo ba?"

"Ɗan sarki yana da aikin yi."

Wata ta ce, "Ko ɗan akuya tsohuwar ba ta ba ta ba?"

"Ɗaya ta haifa, kuma tsohuwa tana da bukatarsa."

Yaya Garba ya ce wannan tatsuniyar ba ta da gishiri. Ni kaina na ji haushi, har na ce, "To Iya, me ta samu?"

Ta dube ni ta saman wuta. "Akuya ta koma gida. Ba abin da ta fita nema ke nan ba?" Ta karkaɗe zaninta. "Ta ƙare. Wanda bai ji daɗinta ba ya je ya ƙera tasa."

Ina cikin wannan tunanin na ji sallamar Yaya Asabe, uwar Safiya. Ko tabarma ba ta bari na shimfiɗa mata ba.

"Rabi, kin ji shirmen da yaran nan suka yi ko? Ki ja wa Nafisa kunne. Abin da 'yan aji suka faɗa shi za ta faɗa, a wuce wurin."

Na ce, "Yaya, shaidar zur fa ke nan."

"Kayya, Malama Rabi, a ajiye wa'azi. Yarinta ce. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Ita Hajjon ba hannun wani ba ce?"

"Waccan? Gobe in ciyawa ta ƙare sun tashi. Mu fa muna nan, katanga ɗaya. Aji guda sun yarda, 'yarki ce za ta zama zakka? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Ni mace ce mai gudun rigima. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa mayar wa Yaya Asabe magana ba. Ita ta yi mini wankan jego a haihuwar fari, uwata ba ta kusa. Amma yau na ce, "Ya fi sarkin ƙarfi, Yaya, amma ban ji an ce ya fi Allah ba. Ki kawo Safiya, gobe ni da ke mu raka ta ta ba da haƙuri, in durƙuso ne ni zan fara. Amma bakin da na koya wa Fatiha ba zan koya masa wannan ba."

Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. "Zumuncin ke nan?"

"Shi ke nan wanda na iya."

Ta ja mayafinta ta fita, ba sai da safe.

Nafisa tana ɗaki, ta ji komai. Na zauna a bakin katifarta na ba ta labarin Talatu yadda Iya ta ba mu, ban ƙara masa sukari ba. Na ce, "Ba zan yi miki alkawarin littafi ba. Wataƙila ba mai tafa miki. Wataƙila ki daɗe kina tafiya makaranta ke kaɗai. Kuma ba zan ce ki yi kaza ba, don gobe ba na wurin." Na yi mata addu'a, na shafa mata, na fito.

Da safe ta sa kayan makaranta, ta tsaya a soro kamar kullum tana jiran Safiya. Safiya ta wuce da ƙawayenta ba ta kalli ƙofarmu ba.

Wunin nan ban san me na dafa ba. Ina wanke-wanke ina tunanin Iya, Allah Ya jiƙanta. Shekaru na ɗauka ina ganin rowa ta yi mana, ta hana mu ƙarshe mai daɗi. Sai da na haifi nawa na gane cewa gata ta yi mana. Yaron da aka koya wa faɗin gaskiya don a ba shi lada, ranar da ya duba bai ga ladan ba zai mayar da bakinsa ya rufe. Iya ta san ƙauye, ta san yadda mutane suke yi wa wanda ya fita daga sahu, ba ta ɓoye mana ba. Kuma ba na zargin yaran ajin nan da mugunta. Tsoro ne. A shekarunsu, a ce ba a yi da ke ya fi bulala ciwo. Manya ma da furfurarmu, mu nawa ne muke iya cewa a'a a gidan biki?

Bayan la'asar na ji ƙarar ƙyaure. Nafisa ta shigo ita kaɗai, idonta ya kumbura, amma kanta a ɗage. Ta ce shugaba ta bi layi, kowa na cewa Hajjo, har aka zo kanta. Ta miƙe ta ce ita da Hajjo tare suka yi salla. Aka tambaye ta to wace ce, ta ce wadda ta yi tana jin ta. Can sai wata ta fashe da kuka, zance ya warware. Hajjo tana nan a makaranta. Safiya kuwa an ce gobe ta zo da babanta.

Na buɗe baki in yi magana, sai ta wuce ɗaki. Ta fito ta cire ɗankwali, riƙe da mataji da kibiya. Duk unguwar nan an san ban iya kitso ba, in na yi wa yarinya sai an tambaye ta ko faɗa ta yi. Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta miƙo mini matajin ta saman kafaɗa.

"Umma, Safiya ta ce ta daina yi mini kitso har abada. Ki yi mini naki, ko ya karkace. Da shi zan je gobe."