Sandar da Inna Take Shayarwa

Shekarun baya, lokacin da Abuja ke ta cika ana samun kuɗi, na sa wa tsakar gidanmu na unguwar Magajiya siminti, sumul kamar faranti. Da yamma nakan zauna ina kallonsa kawai. Sai kuma na sayo janareta saboda firjin mahaifiyata.

Abokina mai aikin wuta ya kafa mana akwatin canja layi, wanda ake ja a koma kan inji idan an ɗauke wuta. Ya fito da doguwar sandar jan ƙarfe ya ce, "Saura wannan. Za mu fasa nan mu binne ta, mu ɗaure jikin injin da akwatin da ita. Wutar da ta ɓace hanya sai ta bi ƙasa."

Na ce, "Sabon simintina za a fasa? Bari dai sai wani satin."

"Mutumina, in ba ta samu ƙasa ba, mutum za ta bi."

Na jingine sandar a bayan ƙofa. Har Inna ta riƙa rataye carbinta a kai.

Ta sha ce mini, "Kai, firjin nan yana cizona." Ni kuwa, Allah ya yafe mini, dariya nake yi, in ce sanyin ƙashi ne.

Wata la'asar aka yi ruwa, inji na ta ruri. Inna ta shigo da jiƙaƙƙun ƙafafu ta kama murfin firji. Ban ji ihu ba, faɗuwar kwano kawai na ji. Na kashe inji, na same ta zaune a ƙasa tana salati, tana kallon tafin hannunta.

Washegari da kaina na ɗauki guduma. Abokina ya binne sandar, ya zuba gawayi da gishiri a ramin, ya ce da rani a riƙa ba wurin ruwa kada ya bushe.

Inna ta karɓi aikin. Kullum in ta gama alwala sai ta juye ragowar butarta a wurin, har da damina. Na taɓa ce mata, "Inna, ba fa tsiro za ta yi ba." Ta ce, "Ita dai ba ta taɓa yi mini dariya ba."

Inna ta rasu, injin ma ya daɗe da mutuwa. Facin simintin yana nan, launinsa daban. Ni ma a nan nake juye ragowar butata.