Shekarar da Muka Fita Babu Badujala

Ni dai ba abin da ke tayar mini da tsumi a duniya irin yawon Sallah na Nima. Ranar ake tare babban titi, kowace ƙungiya ta fito cikin yayinta, wato atamfa iri ɗaya da 'yan ƙungiya suka ɗinka, makaɗa a gaba, mata a baya ana rausaya, 'yan kallo har kan rufin shaguna. Direbobin trotro, motocin hayar gari, su haƙura su bi wata hanya suna mita. Ni tela ce, shagona yana wani lungu a Maamobi, maƙwabciyar Nima a nan Accra, kuma rabin yayin da ake fita da shi daga unguwarmu ta ƙarƙashin kekena yake bi. Don haka idan ana maganar yawon Sallah, ina da bakin magana.

Ƙungiyarmu ta mata ce, yawancinmu 'yan kasuwa, muna zubi a asusu ɗaya. Shekara da shekaru da lasifika muke fita, an ɗaura ta a kan baro, wani yana turawa, in waya ta tsinke mu tsaya cirko-cirko a tsakiyar titi. Matan wata ƙungiya ta Nima kuwa, masu sayar da turare da gwala-gwalai, masu badujala suke ɗaukowa, su wuce mu da ƙahoni da manyan ganguna suna ɗaga mana hannu kamar abin tausayi. Abin yana ci mini rai ba kaɗan ba. To, a shekarar da nake ba da labari asusunmu ya yi nauyin da zai ɗauki badujala, kuma ni aka tura unguwar Adabraka wurin masu badujalar na yi ciniki. Da na ga ƙahonin nan a jere suna walƙiya, sai da na taka rawa a gaban mai su, da azumi a bakina. Na dawo ina ba kowa labari, har da wanda bai tambaye ni ba.

Ana tsakiyar azumi aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Babbar gota, wato magudanar ruwan unguwa, ta cika ta tumbatsa, ta shiga lunguna, ta kwashi abin da ta kwasa. Cikin abin da ta kwasa har da rumfar Mma mai koko.

Mma tsohuwa ce, tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyarmu, kuma tun kafin a haife ni take dama koko tana suyar ƙosai a mahaɗar hanyar da ke kusa da shagona. Ruwan ya tafi da teburinta da tukwanenta da kaskon suya, ya jiƙa buhunan gero har suka fara tsiro. Ɗanta da ke can arewa, wanda ya daɗe yana son ta koma gida ta huta, ya samu hujja, ya ce bayan Sallah zai zo ya tafi da ita. Ita kuwa garin nan nasu ba ta san kowa a cikinsa ba sai kaburbura. Ga kuma wata mai suyar ƙwai da ta fara zagaya wurin tana auna shi da ido, don a Maamobi wuri na wanda ya hura wuta a cikinsa da safe ne. In Mma ba ta sake hura wuta a mahaɗar nan ba kafin ɗanta ya iso, ta tafi ke nan.

Magajiyarmu, shugabar ƙungiya, ta kira taro a tsakar gidanta bayan la'asar. Ba a gama gaisawa ba wata 'yar ƙungiya da ke koyarwa a firamare, wadda muke kira Malama, ta miƙe ta ce a fasa badujala a miƙa wa Mma kuɗin. Ta ce kiɗan yini ɗaya ne, kafin magariba iska ta tafi da shi, tukunya kuwa ana shekara goma ana ɗora ta. Ta ce da wane ido za mu bi ta mahaɗar nan muna juyi, alhali wurin tsohuwa ya zama kango, kuma a watan da ake neman lada.

Na ji maganarta, amma ni ma na miƙe, don ba a haife ni da bakin yin shiru ba. Na ce a taimaki Mma, wannan ba gardama, kowa ta kwance bakin zaninta ta kawo abin da ya sawwaƙa. Amma kada a raina kiɗa. Shekara guda cur muna fama da gota da sauro da kuɗin haya, jarida ba ta tuna da Nima sai an yi abin kunya, rana ɗaya tak muke fita Accra ta kalle mu da sha'awa. Na ce ranar ce masu ƙanƙara da masu tsire da masu ɗaurin ɗankwali suke samun na cefane, su ma ai mabukata ne. Malama ta ce bakin zanin da nake magana a kai babu komai a cikinsa ana gab da Sallah, kuma na sani. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushi.

Nan fa wuri ya kaure. Wata ta ce yunwa ce ke sa mu faɗa, a bari sai an sha ruwa. Wata ta ce ita ta riga ta gaya wa 'yar uwarta ta Kumasi ta zo ta ga badujala. Wata ta ce a raba kuɗin biyu, aka ce mata rabi ba ya ɗaukar ƙaho ko ɗaya, ba ya kuma tayar da rumfa. Muna cikin haka sai ga Mma ta shigo tana ɗingisa ƙafarta mai ciwon gwiwa. Ashe labari ya riga ya kai mata.

Ba ta zauna ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Na ji wai kuna faɗa a kaina. Ni ba na so koraa, ko kaɗan. Tun da na zo garin nan ban miƙa hannu ga kowa ba, ba zan fara da yaran da na goya ba. Kuma kar gobe a ce don Mma ne Maamobi bai fita Sallah ba. Ku yi wasanku. In tafiya ne, zan tafi da mutuncina."

Ta juya ta fita. Na koma na zauna. Na san matar nan, in ta ce a'a ko limami bai isa ya juya ta ba.

Magajiya ta gyara zama. Ta tambaye mu ko akwai wadda ta taɓa ganin an yi wa mace liƙi a filin rawa ta mayar. Muka ce babu. Liƙi ba sadaka ba ne, girmamawa ce, ko matar mai kuɗi an manna mata a goshi sai ta yi murmushi ta ƙara juyi. Ta ce to za mu fita, ba za a ce Maamobi ba ta fita ba, amma da kalangu. Akwai wani tsohon makaɗi mutumin Nijar da ke zaune a Nima, kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba. Sauran abin da ke asusu za a canjo shi ƙananan takardu a raba mana, ranar Sallah a jawo Mma cikin fili, mu juye mata su a ka. Sharaɗi ɗaya, kada maganar ta fita daga tsakar gidan nan.

Ƙahonina sun tafi ke nan. Na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure, na koma Adabraka na ba mutumin haƙuri kamar mai kai ta'aziyya. Amma daɗin asiri ya fi ƙarfina. Mata fiye da ashirin riƙe da magana ɗaya a ciki, in muka haɗu a famfo sai ƙifta ido da dariya ƙasa-ƙasa. Ni na ɗinka wa Mma yayinta, na kai mata da kaina, na ce Magajiya ta ce tun da wannan ce Sallarta ta ƙarshe da mu, dole ta fito ko sau ɗaya ta taka. Ta duba ɗinkin, sannan ta ce in rage mata hannun rigar.

Ranar ta zo da rana tarwai. Yayinmu shuɗi ne da ratsin ruwan ƙwai, kuma wallahi mun yi kyau. Na jera fil a ƙirjin rigata kamar yadda na saba, don ba a yawon Sallah sai zanin wata ya kwance ko ɗinkin wata ya ɓalle. Matan Nima suka wuce mu da badujalarsu, ƙasa tana girgiza, na kau da kai. Amma da Baba makaɗi ya matse kalangu a hammata ya saki wani kiɗa, sai na ga tsofaffi suna leƙowa daga ƙofofin gidaje, wasu suna biyo mu. Shi da ƙanensa ne, wani dattijo mai furfura da ke buga ƙaramar ganga, da jaka rataye a kafaɗarsa. Nan take na manta da wani ƙaho.

A daidai mahaɗar da rumfar take a da muka ja birki muka yi da'ira. Magajiya ta kamo hannun Mma ta jawo ta tsakiya. Da farko ta noƙe, sai makaɗin ya fara yi mata kirari da bakin kalangu, kafaɗarta ta motsa da kanta. Tsohuwar nan ta manta da gwiwa. Ta duƙa, ta taso, ta juya, guɗa ta tashi ta ko'ina. Muka yi kanta da liƙi, wannan ta manna, waccan ta watsa, takardu suna zuba ta kafaɗunta suna sauka ƙasa. Ina tsalle ina ihu har ɗankwalina ya zame.

Sai na hango ƙanen makaɗi ya ajiye ganga, ya sunkuya, yana tsince kuɗin yana zubawa a jaka.

Na daina tsalle. Duk wanda ya tashi a zango, unguwannin Hausawa irin namu, ya san wannan, abin da ya taɓa ƙasa a gaban ganga na makaɗi ne, mai rawa ba ta da komai a ciki sai abin da ya tsaya a jikinta. Mun sani sarai. Murnar dabara ce ta rufe mana ido, ga shi saboda riƙon asiri ba wadda ta je ta yi magana da makaɗan. Mutumin nan haƙƙinsa yake tsinta, ba mai iya ce masa ya ajiye a gaban jama'a, in kuwa aka ce, Mma za ta gane komai. Na dubi Magajiya, fuskarta ta yi fari fat. Malama ta dafe ƙirji.

Da ta dafe ƙirjin ne na tuna da nawa. Na kutsa cikin fili ina rawa, na zare fil, na kama takardar da ke hannuna na soke ta a kafaɗar rigar Mma. Na juya na fizge na hannun ta kusa da ni na soke. Nan take mata suka gane. Aka daina watsawa, kowa ta miƙo mini, wasu suna cusawa a naɗin ɗankwalinta, wasu a bakin zaninta. Matsalar ita ce tsohuwa ba ta tsaya ba, kiɗa yana da zafi, ina bin ta da fil tana zillewa, na ɗankwalin suna zubowa.

Baba makaɗi ya dube ni, ya dubi filin da babu rumfa, ya dubi tsohuwar. Ban san abin da ya karanta ba. Sai kawai ya sassauta hannu, ya koma wani kiɗa mai nauyi na manyan mata, wanda ake takawa a hankali, kai a tsaye, kafaɗa kaɗai ke aiki. Ya ce da ƙarfi, cikin Hausarsa ta mutanen Nijar, "Taka sannu, uwar gida, babba ba ta gaggawa a fili." Mma ta miƙe ƙyam tana taku ɗaya-ɗaya, ni kuwa ina zagaya ta ina aiki kamar tana tsaye a shagona. Kafin kiɗan ya ƙare rigar nan ba a ganin shuɗinta. 'Yan kallo ma suka shigo, har da biyu daga cikin matan Nima da suka baro badujalarsu suka zo ganin abin da ya tara mutane. Abin da ya faɗi ƙasa tun farko ya tafi jakar makaɗa, ba wadda ta ce uffan, kuma sun ci halaliyarsu. Ni da Malama muka rungume juna muna dariya da hawaye, kwalliyarmu duk ta dame.

Abin da ya tsaya a jikinta bai kai yadda muka shirya ba. Ya dai sayi tukunya da kasko da buhun gero, wani kafinta ya haɗa mata tebur da ragowar katako. Da ɗanta ya iso ya tarar da layi a gaban uwarsa, ko gaisawa ba su yi da kyau ba ta miƙa masa ludayi ta ce ya taya ta zubawa. Ya kwana biyu ya koma shi kaɗai.

Har yau in an taɓo zancen, ni da Malama ba mu daidaita ba. Ita tana cewa tukunya ta ci nasara, ni ina cewa ba don kiɗa ba da tukunyar ba ta samu ƙofar shiga ba.

Safiyar da na fara zuwa sayen koko a sabon teburin, Mma ta zuba mini, ta ƙara ƙosai a kai, sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro wani ɗan ƙulli ta sa mini a hannu. Na buɗe, fil ɗina ne, ta tattara su tsaf.

Ta ce, "Kayan aikinki ne. Kin soke ni paa, har yanzu kafaɗa na ciwo. Na ji, amma na ce in na motsa zan ɓata muku shiri." Ta juya ƙosai a cikin mai, ba ta dube ni ba. "Baɗi ki kawo ƙahonin nan naki. Ni zan fara zubi."